KAZAR DA TA GAMA AIKI: SHIN TANA DA SAURAN HAƘƘI A KANMU?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hore mana dabbobi, muna hawan wasu, muna tatsar wasu, muna cin naman wasu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa, wata rana bayan sallar la'asar muna zaune a farfajiyar masallaci, sai wani saurayi daga cikin ɗalibanmu ya nuna mana hoton wata kaza a hannun wata dattijuwar Baturiya. Kazar ta fige, bayanta da wuyanta babu gashi, zankonta ya kwanta ya yi fari kamar an jiƙa tsumma. Ya ce a ƙasar Ingila akwai mutanen da ke barin hutunsu na ƙarshen mako, su tashi tun da asuba su tafi gonakin ƙwai su kwaso irin waɗannan kaji da aka gama amfani da su, su nema musu gidajen da za a riƙe su har iyakar kwanansu, ba tare da an biya su ko dala ɗaya ba. Jama'a suka fashe da dariya. Wani dattijo ya ce: "Malam, wannan ai ƙoshi ne. Sai wanda cikinsa ya cika ke nema wa kaza hutun tsufa." Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye muku ba. Amma da dare ya yi sai wata mas'ala ta dawo mini, wadda muka karanta a gaban malamanmu muna matasa, muka wuce ta da sauri domin mun ɗauka ba ta da nauyi. Ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Kafin hukunci sai an san abin da ake yi wa hukunci. Kazar gonar ƙwai ta zamani ba irin kazarmu ta gida ba ce, wadda kan yi ƙwai goma sha, ta kwanta a kansu, ta ƙyanƙyashe, ta yi yawo da ƴan tsakinta wata biyu kafin ta sake. An yi shekaru masu yawa ana zaɓen iri har aka samo kazar da ke yin ƙwai kusan 300 a shekara, kuma kusan an cire mata sha'awar kwanci. Takan fara ƙwai tana da mako 18 zuwa 20. Ana kunna mata fitila domin yininta ya yi tsawo, jikinta ya ɗauka ko yaushe lokacin ƙwai ne. Kowane ɓawon ƙwai yana buƙatar sinadarin kalsiyam, kuma in abinci bai wadatar ba jiki kan tatso shi daga ƙasusuwanta, shi ya sa da yawansu ƙashinsu kan yi rauni, ƙashin ƙirji ya tsage ko ya karye. Idan ta kai kimanin mako 72, wato shekara ɗaya da wata huɗu ko biyar, ƙwanta kan ɗan ragu, ɓawon ya yi laushi, sai mai gona ya yi lissafi ya ga abin da take ci ya kusa cinye abin da take kawowa. A rana ɗaya ake kwashe dubban kaji a kai mayanka, a wanke ɗakin, a zubo sabbi. Kaza kuwa in an bar ta tana iya kaiwa shekara shida ko fiye.

Game da wurin zamanta, a ƙasashen Tarayyar Turai har zuwa ƙarshen shekarar 2011 doka ta yarda a sa kaza a kejin waya inda rabonta santimita murabba'i 550 ne, bai ma kai faɗin falle ɗaya na takardar da ake buga wasiƙa a kanta ba. Daga 1 ga Janairu 2012 aka hana wannan keji, aka yarda da wani mai ɗan faɗi, santimita murabba'i 750 ga kowace kaza, da sandar hawa da lungun yin ƙwai. Ƙasar Suwizalan ta riga su, tun 1992 ta rabu da tsohon kejin. A ƙasashe da yawa na duniya kuwa har gobe da shi ake kiwo. Kazar da ta rayu a cikinsa ba ta taɓa taka ƙasa ba, ba ta taɓa yin tono ba, ba ta taɓa birgima cikin ƙura ba, ba ta taɓa buɗe fuka-fukanta duka biyu ta karkaɗe ba.

To a shekarar 2005 wata mata mai suna Jane Howorth ta kafa ƙungiya a yankin Devon na ƙasar Ingila, wadda a yau ake kira British Hen Welfare Trust. Aikinsu ba na fasa gonar kowa ba ne. Sukan shirya da mai gona tun kafin ranar kwasa, ya ba su wani kaso na kajin da za a kai mayanka. Ƴan sa kai su zo da motoci da akwatuna, su ɗauko kajin ɗaya bayan ɗaya, su duba lafiyarsu, su yanke musu faratan da suka yi tsawo saboda rashin tono, su ware marasa lafiya domin jinya, sauran kuma a miƙa su ga mutanen da suka rubuta sunansu tun da farko, wannan ya ɗauki uku, wancan ya ɗauki shida, kowa ya ba da gudummawa gwargwadon hali. Masu riƙon sukan ba da labarin cewa a kwanakin farko kazar kan tsaya cik a tsakar gida ba ta san abin yi ba, in magariba ta yi sai an ɗauke ta da hannu an sa ta a akurki domin ba ta san ana shiga kwana ba. Bayan ƴan makonni gashi ya fara tsirowa, zanko ya yi ja, ta fara tono kamar wadda aka koya wa, alhali babu wanda ya koya mata sai Wanda Ya halitta ta. Wasunsu kan ƙara shekara ɗaya ko biyu ko fiye, suna ɗan ƙwai jefi-jefi. Wasu kuma ƴan kwanaki kawai suke yi su mutu, domin jikin ya riga ya ƙare. A shekarar 2024 ƙungiyar ta cika kaza miliyan ɗaya da ta sama wa gida, kuma Sarki Charles na Ingila ne ya karɓi ta cikon miliyan ɗin a gidan gonarsa na Highgrove.

Yanzu ga tambayar da nake so mu tsaya a kanta: dabbar da ka ci amfaninta har amfanin ya ƙare, shin akwai sauran abin da take binka, ko kuwa lissafi ya rufe daga ranar da ta daina kawo riba?

Mu fara kawar da abin da babu saɓani a cikinsa. Yanka kaza halal ne. Ya tabbata a cikin Sahihul Buhari cewa Abu Musa al-Ash'ari, Allah Ya yarda da shi, ya ga Manzon Allah (S.A.W.) yana cin naman kaza. Saboda haka mai gonar da ya sayar da tsofaffin kajinsa domin a yanka bai aikata saɓo da wannan sayarwa ba, wanda ya saya ya ciyar da iyalinsa shi ma haka. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, kuma shari'a ba ta ƙaryata su ba. Duk wanda ya ce yanka kaza zalunci ne a kan kansa, ya haramta abin da Allah Ya halatta, kuma ba ma tare da shi.

Har ma wani mai ilimi zai iya cewa: ashe wannan aiki na Turawa bai yi kama da abin da Larabawan jahiliyya ke yi ba, waɗanda in taguwa ta haihu sau da yawa sai su tsaga kunnenta su sake ta, ba a hawa, ba a yanka, wanda Allah Ya soke a cikin Suratul Ma'ida? Tambaya ce mai kyau, amma abubuwan biyu sun rabu. Mutanen jahiliyya sun ƙirƙiri haramci ne suka jingina shi ga Allah, suka keɓe dabbar domin gumakansu, sannan suka sake ta a daji babu mai kula da ita. Wanda ya ɗauki tsohuwar kaza ya kai gidansa yana ba ta tsaba da ruwa bai ce namanta haramun ne ga kowa ba. Ya bar wani haƙƙi nasa ne da son ransa, ya kuma ɗora wa kansa ɗawainiya. Barin halal saboda tausayi, ba tare da an mai da shi doka a kan mutane ba, ƙofa ce buɗaɗɗiya a addini.

Ga mas'alar da na ce ta dawo mini. Shehu Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ake wa laƙabi da Sarkin Malamai, wanda ya rasu a Alƙahira a shekara ta 660 bayan hijira, ya lissafa haƙƙoƙin dabbobi a kan ɗan Adam a cikin littafinsa Ƙawa'idul Ahkam. Na farkon abin da ya ambata shi ne ciyar da su irin ciyarwar da ta dace da jinsinsu, kuma ya ƙara da cewa wannan wajibi yana nan ko da sun tsufa ko sun yi ciwon da ba a sake samun wani amfani gare su. Ku dubi wannan ƙari da kyau. Da a ce ciyarwa ladan aiki ce kawai, da ta faɗi ranar da aiki ya tsaya. Malamin ya nuna cewa tushenta wani abu ne daban: rai ne da ka tsare a hannunka, ka hana shi neman abincinsa da kansa, saboda haka ɗawainiyarsa ta hau wuyanka. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, Shehu Halilu ya kawo a Muhtasar cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita in babu makiyaya, in ya ƙi a sayar da ita a kansa, haka nan in yana ɗora mata aikin da ba ta iyawa, kuma ba a tatsar nononta har a cutar da ɗanta. Wato mallaka tana da iyaka, kuma alƙali yana da ikon shiga tsakanin mutum da dabbarsa.

Akwai kuma wani labari a cikin Sahihu Muslim da ya fi kowane kusa da maganarmu. Wasu mahara sun kama wata mata daga cikin Ansar, suka kuma kore taguwar Manzon Allah (S.A.W.) mai suna Adba'u. Da dare matar ta kuɓuta daga ɗaurinta, ta shiga cikin raƙuma, duk wanda ta kusanta sai ya yi kuka, har ta iso ga Adba'u, ita kuwa ta yi shiru. Ta hau ta, ta gudu, aka bi ta ba a cim mata ba. A hanya ta yi bakance cewa in Allah Ya tserar da ita a kan wannan taguwa za ta soke ta. Da ta iso Madina aka gaya wa Annabi (S.A.W.), sai ya yi tasbihi na mamaki, ya bayyana cewa wannan mummunan sakamako ne ta yi wa taguwar, sannan ya sanar da cewa ba a cika bakance a kan saɓo ko a kan abin da mutum bai mallaka ba. Gaskiya ne hukuncin da malamai suka ciro daga nan na bakance ne, domin taguwar ba tata ba ce. Amma abin da ya fara fitowa daga bakinsa mai albarka maganar sakamako ce. Dabba ta ɗauke ki ta fid da ke daga hannun maƙiya, ladanta ya zama wuƙa? Ashe ana iya yi wa dabba butulci, kuma Annabi (S.A.W.) ya ƙyamaci hakan. Mu kuwa mun ɗora wa kaza sunan butulci, muna cewa kaza ci ki goge baki. Wadda ta ba mutum ƙwai ɗari uku a shekara daga cikin ƙashinta, sannan aka jefa ta a akwati da ƙafa ɗaya, tsakaninta da mai ita wa ya ci ya goge baki?

Fahimtata ke nan, in na yi kuskure daga gare ni ne: laifin da ke cikin wannan sha'ani ya fi yawa a watanni goma sha shida da ke gaban wuƙa, wuƙar kanta minti ɗaya ce. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa duk mun san shi, kuma abin da aka ambata na laifinta shi ne tsarewa, ba ta ciyar ba, ba ta kuma saki ba. Mai keji zai ce shi yana ciyarwa, kuma gaskiya ne, wannan ya raba shi da waccan mata. Amma ciki ba shi ne dukan buƙatar mai rai ba. Allah Ya sanar da mu a Suratul An'am cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu, kowace al'umma kuwa da ɗabi'ar da aka halitta ta a kai. Tono da birgima da hawa sama in dare ya yi su ne ɗabi'ar kaza. Wanda ya hana ta dukan wannan tun daga farkon ƙwanta har ƙarshensa domin ƙwai ya yi araha, ina tsoron ya ɗora mata abin da ba ta iyawa, ko da kaskonta cike yake.

A nan nake ganin darajar aikin waɗancan ƴan sa kai. Ba su iya mayar wa kaza watannin da suka wuce, amma suna biyan wani ɓangare na bashin da wasu suka ci, su da ba su ci ba sai dai gwargwadon ƙwan da suka saya a kanti. Hadisin mutumin da ya shayar da kare a bakin rijiya ya nuna akwai lada a kyautata wa duk mai rai, kuma wancan kare ba ya gadin gidansa, ba ya masa farauta. Hukuncin ladan mutum a Lahira yana wurin Allah, ba ni da ta cewa a ciki. Amma aikin kansa kyakkyawa ne, kuma Musulmi ba ya raina kyakkyawan aiki don ya fito daga hannun wanda ba Musulmi ba. Abin kunya ma a gare mu shi ne kakanninmu sun riga su. Shehu Mustafa as-Siba'i ya ambata cewa a birnin Dimashƙa an taɓa yin waƙafin wani fili mai ciyawa domin dabbobin da suka tsufa ko suka yi ciwo, su yi kiwo a ciki har su mutu.

Sai dai dattijon da ya yi maganar ƙoshi bai yi kuskure gaba ɗaya ba, kuma bai kamata a wuce maganarsa ba. Mu da ke ƙasar da yaro kan kwana da yunwa, ƙasar da ta ga 1984 ta ga 2005, ba za a ce mana mu ɗebi hatsin da mutum ke buƙata mu ciyar da kazar da ba ta ƙwai ba. Ran ɗan Adam yana gaba, kuma wanda ya bar maƙwabcinsa da yunwa ya tafi jinyar kaza ya juya ma'auni. A wurinmu tsohuwar kazar gona ni'ima ce ga talaka, domin ita ce naman da yake iya saye a ƙaramar salla. Sannan ko a Ingila lissafin yana da ban tausayi: kajin ƙwai a can sun kai miliyoyi masu yawa, kuma duk shekara ana sauya mafi yawansu, waɗanda ake ceta ƴan kaɗan ne a cikinsu. Akwai kuma haɗarin mutum ya ɗauki kaji uku ya ji zuciyarsa ta yi sanyi, alhali gobe zai koma ya sayi ƙwai mafi araha ba ya tambayar inda ya fito. Duk da haka ƙarancin abin da aka ceta bai zama hujjar barin ceto ba, domin kazar da aka fitar ba ta san lissafin miliyan ba, rana ta sani da ƙasa a ƙarƙashin ƙafarta. Kuma kowace figaggiyar kaza da ta shiga gida, yara da maƙwabta kan gan ta su tambayi abin da ya mai da ita haka.

Saboda haka ba ina kira ne a kafa irin wannan ƙungiya a Maraɗi ko Damagaram ba. Abin da ya hau kanmu ya fi wannan sauƙi, kuma ya fi shi zama wajibi. Gonakin ƙwai suna ƙaruwa a gefen garuruwanmu, kuma in lokacin sauya kaji ya yi duk muna ganin yadda ake fito da su: a ɗaure ƙafafun goma da igiya ɗaya, a rataya su a bayan babur kai a ƙasa, bakinsu na shafar hanya, ko a danna su a kwando wata kan wata a kan rufin mota, su yini a ranar kasuwa baki buɗe babu ɗigon ruwa. Mai sayarwa yana ganin gobe za a yanka, mene ne na wahalar shayarwa? Mai saye kuma ya ɗaga ta da fiffike ɗaya yana auna nauyi, alhali ƙashinta ya riga ya yi rauni. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu ya sanar da mu cewa Allah Ya wajabta kyautatawa a kan kome, har a yanka, a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. Wannan kyautatawa ba ta farawa daga lokacin da aka ɗora wuƙa a wuya, tun daga ƙofar gona take farawa. Ɗan uwa mai shirin buɗe gonar ƙwai, in kana da fili, ka yi ɗaki mai faɗi da za su taka ƙasa ko ɓuntu, ka sa musu sandunan hawa, kada ka sayo kejin da masu shi suka yi watsi da shi. Kai kuma da ka sayi kaza saura kwana biyu salla, ka kwance ta, ka ba ta inuwa da ruwa da ɗan tsaki, kada ka yanka ɗaya a gaban ɗaya.

Buhari ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, ya shiga gidan Yahaya ɗan Sa'idu, ya tarar da wani yaro na gidan ya ɗaure kaza yana harbinta. Bai aiki kowa ba, da kansa ya taka ya kwance ta, ya zo da ita tare da yaron wurin mutanen gidan, ya ce su tsawata wa ɗansu, domin ya ji Annabi (S.A.W.) ya hana a tsare dabba a ɗaure don a kashe ta haka. Kazar ba tasa ba ce, kuma mai yiwuwa daga baya an yanka ta an ci.

Allah ne Mafi sani.